Yadda Kuka, Kuɓewa da Goro Suka Zama 'Yan Dangi Ɗaya

A shekarar 1998 wasu masana ilimin tsirrai su 29, daga jami'o'i da cibiyoyin bincike na ƙasashe daban-daban, suka wallafa wata maƙala a mujallar lambun binciken tsirrai na Missouri da ke Amurka. A cikinta suka sake raba dukkan tsirrai masu fure na duniya zuwa dangogi 462. Wani ɓangare na aikin ya taɓa tukunyar miya da kasuwar ƙasar Hausa kai tsaye, domin dangogi huɗu da littattafai suka daɗe suna jerawa daban an narkar da su sun koma ɗaya. A da, kuka da rimi suna da nasu dangi, goro da koko suna da nasu, lalo yana wani wuri, kuɓewa da auduga da rama da yakuwa kuma suna cikin na huɗu. Daga wannan shekara duk suka shiga ƙarƙashin suna ɗaya, Malvaceae, dangi mai nau'o'i fiye da 4,000.

Mai ganin abin daga nesa zai iya ɗauka sauya suna ne kawai a takarda. Amma dangin da aka sa tsiro shi ke nuna wa mai binciken magani inda zai fara neman sinadari, shi ke nuna wa mai kyautata iri waɗanne tsirran daji ne 'yan'uwan abin da ake nomawa, kuma da sunan da aka ba shi ake rubuta dokar ciniki da ta kare gandun daji. Gardamar da ta kai ga hukuncin 1998 ta ɗauki fiye da shekara 250, kuma wani muhimmin babi nata a Afirka ta Yamma aka rubuta shi.

Masana suna jera tsirrai hawa-hawa, kamar yadda ake jera salsalar mutane. Mafi ƙanƙanta shi ne nau'i, misali kuɓewa. Nau'o'i makusanta su ke yin gida ɗaya, kamar rama da yakuwa da ke gidan Hibiscus. Gidaje su ke haɗuwa su yi dangi, dangogi kuma su yi ƙabila. Tambayar da aka sha fama da ita ita ce: da wace shaida ake gane ɗan dangi?

Ƙirgen Linnaeus

Ƙoƙarin jera tsirrai tsoho ne. Theophrastus, ɗalibin Aristotle, ya raba su bisa tsayi da taurin jiki kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. A ƙarni na 9 Abu Hanifa al-Dinawari ya tattara sunayen tsirrai da siffofinsu a Kitab al-Nabat. A 1689 Bafaranshe Pierre Magnol ya fara amfani da kalmar dangi, ya jera guda 76. A Ingila kuma John Ray ya lura cewa wasu tsirrai da ganye ɗaya suke fitowa daga ƙasa, kamar dawa da gero, wasu kuma da biyu, kamar wake da gyaɗa.

Wanda tsarinsa ya fara cin duniya shi ne Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin. A 1735 ya fito da hanya mai sauƙin koyo: a buɗe fure, a ƙirga 'yan zarurrukan namiji masu ɗauke da garin barbara, a duba tsayinsu da yadda suka manne da juna. Da wannan ya raba tsirrai aji 24. A 1753, cikin littafinsa Species Plantarum, ya kafa al'adar ba kowane nau'i suna mai kalma biyu, ta farko ta gida, ta biyu ta nau'i, kuma har yau a kanta ake.

Ƙirgen ya yi amfani ga matafiyi da ke son gane tsiro cikin sauri, sai dai yana raba 'yan'uwa yana haɗa baƙi. Alkama mai zare 3 ta faɗa wani aji. Shinkafa mai zare 6 ta faɗa aji ɗaya da albasa. Masara, wadda furen namiji yake samanta na mace kuma a gefen kara, ta tafi aji na uku. Kowane manomi ya san alkama da shinkafa da masara jinsin ciyawa ne. Linnaeus kansa ya san tsarinsa na wucin gadi ne, kuma ya yi ta rubuta gutsattsarin wani tsari da zai bi ainihin kusancin tsirrai, amma bai kammala ba.

Saurayin da kuka ta sauya wa tunani

A 1749 wani saurayi Bafaranshe mai shekara 22, Michel Adanson, ya sauka a Saint-Louis a bakin kogin Sanagal a matsayin ƙaramin ma'aikacin kamfanin ciniki na Faransa. Ya zauna har 1753, ya koyi yaren Wolof, ya tara dubban samfuran tsirrai da dabbobi. A nan ya ga kuka, ya auna kaurinta, ya bayyana furenta da 'ya'yanta dalla-dalla. Ya yi ƙiyasin cewa wasu kukokin sun haura shekara 5,000. Awon zamani ya rage wannan adadi, domin mafi tsufa da aka auna, a Zimbabuwe, ta kai kimanin shekara 2,450. Linnaeus ya sa wa bishiyar sunan saurayin, Adansonia digitata, ko da yake Adanson ya fi son a bar wa tsirrai sunayen da aka san su da su tun farko.

Tsirran Sanagal sun ƙi shiga akwatunan da Adanson ya koyo a Turai. Da ya koma gida sai ya yi wani aiki mai ban mamaki. Ya ƙirƙiri tsare-tsare 65, kowanne bisa siffa ɗaya tak: wani bisa saiwa, wani bisa ganye, wani bisa ƙanshi, wani bisa 'ya'ya. Ya nuna cewa babu ɗaya da ya isa shi kaɗai, sannan ya ce tsirran da suka fi yawan faɗawa wuri ɗaya a tsare-tsaren duka su ne 'yan dangi. A littafinsa Familles des plantes na 1763 ya jera dangogi 58, kuma ya sa kuka tare da su auduga. Zamaninsa bai karɓe shi ba. Juyin juya halin Faransa ya raba shi da abin da yake samu, ya rasu cikin talauci a 1806.

Wanda ya gaji wannan tunani ya kuma samu karɓuwa shi ne Antoine-Laurent de Jussieu, wanda littafinsa Genera Plantarum ya fito a birnin Faris a watan Agusta na 1789, makonni kaɗan bayan ɓarkewar juyin juya hali. Ya jera dangogi 100, yana ba wasu siffofi nauyi fiye da wasu. Dokokin sa wa tsirrai suna na yau daga wannan littafi suke fara lissafin sunayen dangogi. Amma ita kuka ba ta zauna wuri ɗaya ba. A 1822 Bajamushe Carl Kunth ya cire ta tare da rimi ya yi musu dangi na kansu, Bombacaceae.

Daga kama zuwa asali

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 19, dangi a wurin masana yana nufin kamanni kawai. A 1859 Charles Darwin ya kawo bayanin cewa kamannin gado ne, wato 'yan dangi suna kama da juna ne saboda tsatso ɗaya suka fito. Wannan ya sauya aikin mai jera tsirrai daga shirya kaya a kanta zuwa bin salsala. Su kansu tsirrai masu fure sun dame shi. A wata wasiƙa da ya aika wa abokinsa Joseph Hooker a watan Yuli na 1879 ya koka da yadda burbushinsu ya bayyana cikin duwatsu kusan kwatsam, da nau'o'i barkatai, alhali ra'ayinsa sauyi a hankali yake hasashe.

Hooker, wanda ya shugabanci lambun Kew da ke Landan, shi da George Bentham sun shafe daga 1862 zuwa 1883 suna duba samfurori da idonsu, suka bayyana gidaje fiye da 7,500 cikin dangogi kimanin 200. Su sun mayar da kuka cikin dangin auduga, suka bar goro da lalo a waje. A Jamus, Adolf Engler da Karl Prantl suka fara fitar da nasu babban aiki a 1887, kuma a can kuka ta sake komawa danginta na daban. Engler yana ganin ƙananan furanni marasa ado su ne na farko a tarihi. Ba'amurke Charles Bessey, a 1915, ya ce manyan furanni masu sassa da yawa a warwatse, irin na Magnolia, su ne na farko, marasa adon kuma rage kaya suka yi daga baya. Kowane ɓangare yana da hujja, kuma babu ma'aunin da zai raba gardama.

A wannan zamani ne sunayen Hausa suka shiga littattafan fannin. John Dalziel, likita ɗan Sikotilan da ya shiga aikin lafiya na Afirka ta Yamma a 1905, ya yi ta tara tsirrai a Arewacin Najeriya, har da yankunan Katagum da Yola, yana rubuta sunan da mutanen wuri ke kiran kowanne. A 1916 ya fitar da A Hausa Botanical Vocabulary. Daga baya ya haɗu da John Hutchinson na Kew suka rubuta Flora of West Tropical Africa tsakanin 1927 da 1936, a 1937 kuma Dalziel ya ƙara da littafi kan amfanin tsirran yankin. An jera dangogin wannan aiki bisa tsarin Hutchinson, wanda ya ɗauka cewa tsirrai masu ganyen fari biyu sun rabu gida biyu tun asali, masu itace da marasa itace. Bincike na baya ya rushe wannan ra'ayi, domin zama bishiya ko zama ganye abu ne da ke sauyawa sau da yawa cikin dangi ɗaya. Gyaɗa da ɗorawa da tsamiya duk 'yan dangin wake ne.

Zuwa shekarun 1980 akwai manyan tsare-tsare da dama, kowanne da sunan mai shi: na Arthur Cronquist a Amurka, wanda ya fito a 1981, na Armen Takhtajan a Tarayyar Sobiyat, da wasu. Dukkansu sun dogara da ido da gogewar malami ɗaya. Matsalar ido kuwa Hausawa sun daɗe da faɗinta: kama da wane ba ta wane. Yauƙin da ke cikin kuka da kuɓewa da lalo alamar gado ce ta gaskiya, domin 'yan wannan dangi suna da ƙwayoyin da ke tara shi a ganye da 'ya'ya. Amma karkashi ma yana da yauƙi, shi kuwa ɗan dangin riɗi ne, nesa ƙwarai da su.

Shaidar da ke cikin ƙwayar gado

Abu biyu suka kawo ƙarshen wannan zamani. Na farko ƙa'ida ce daga wani Bajamushe masanin ƙwari, Willi Hennig, wanda littafinsa ya fito a 1950, aka fassara shi zuwa Ingilishi a 1966. Ya ce rukuni ba ya cancantar suna sai ya ƙunshi kaka ɗaya da dukkan zuriyarsa, ba a bar kowa a waje ba, kuma sabuwar siffa da aka gada tare ita ce shaidar kusanci. Na biyu shi ne sauƙin karanta ƙwayoyin gado, wato DNA, da aka samu a ƙarshen shekarun 1980.

Masana tsirrai suka zaɓi wata ƙwayar gado mai suna rbcL. Tana cikin koren ɓangaren ganye, tana ɗauke da umarnin ƙera sinadarin da tsiro ke kama iskar kabon da shi don haɗa abinci. Kusan kowane koren tsiro yana da ita, tsawonta kimanin harafi 1,400 ne, kuma tana sauyawa a hankali, don haka ana iya kwatanta ta tsakanin tsirrai masu nisan asali. A 1993 Mark Chase da abokan aikinsa 41 suka haɗa jerin wannan ƙwaya daga tsirrai kusan 500. Lissafin yana da nauyi, domin nau'i 10 kacal ana iya jera su a bishiyar asali ta hanyoyi fiye da miliyan 34. Kwamfutocin lokacin ba su iya bin dukkan hanyoyin ba, amma siffar da ta fito ta jure gwaje-gwajen da suka biyo baya.

Daga wannan aiki aka samu ƙungiyar da ake kira APG a taƙaice, wadda ta fitar da tsarin 1998. Ta sabunta shi a 2003 da 2009 da 2016, inda ya tsaya a dangogi 416 cikin ƙabilu 64. Wannan tsari bai ɗauki sunan mutum ɗaya ba, kuma duk mai shakka yana iya ɗauko bayanan ya sake lissafi.

Sakamakon ya tabbatar da yawancin dangogin da aka sani tun zamanin Jussieu, kamar na ciyawa da na wake. A wasu wuraren kuma ya girgiza masana. Masu ganyen fari ɗaya sun tabbata zuriya guda, amma masu biyu ba haka suke ba. Kimanin kashi 75 cikin 100 na tsirrai masu fure suna cikin wani babban reshe da ake ganewa da tsaga uku a jikin garin barbararsu, sauran masu ganye biyun kuma tsofaffin rassa ne da suka rabu tun da wuri. A 1999 ƙungiyoyin bincike da dama suka gano cewa wani ɗan itace mai suna Amborella, da ke tsiro a tsibirin New Caledonia kaɗai a tekun Pasifik, shi ne reshen da ya fara rabuwa da sauran duka. Bado ma yana cikin waɗannan tsofaffin rassa. Gwanda, wadda Cronquist ya ajiye a wata ƙabila, ta koma kusa da zogale a ƙabilar kabeji, kuma dukkansu suna ƙera irin sinadarin nan mai yaji da ake ji a saiwar zogale.

A kan su kuka, shaidar ta nuna dalilin da ya sa aka yi ta kai da komo. Goro da koko, da aka daɗe ana ajiyewa dangi ɗaya, ba su ne mafi kusa da juna ba. Goro ya fi kusa da kuka da auduga, koko kuma ya fi kusa da lalo. Bisa ƙa'idar Hennig, tsofaffin dangogin uku ba za su tsaya da ƙafarsu ba. Mafita ita ce ko a farfasa su ƙanana-ƙanana, ko a haɗa duka. Aka zaɓi haɗawa, sannan a 1999 aka raba babban dangin zuwa ƙananan rassa 9. Kuka ta koma inda Adanson ya ajiye ta shekara 235 kafin nan.

Ƙuduji da bagaruwa

Misalai biyu sun isa su nuna abin da ke cikin wannan lamari ga Afirka. Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, yana manne wa saiwar dawa da gero da masara yana tsotse su, wani nau'insa kuma yana kama wake. A da yana cikin dangin Scrophulariaceae tare da tsirrai masu ci da kansu. Bincike ya wargaza wannan dangi a farkon shekarun 2000, ya mayar da ƙuduji cikin Orobanchaceae tare da masu tsotson da ke addabar tumatir da waken Masar a ƙasashen tekun Bahar Rum. Ashe tsotson saiwa sau ɗaya ya samo asali a wannan zuriya. Irinsu duka ba ya tsiro sai ya ji sinadarin da saiwar mai masauki ke fitarwa, don haka abin da aka koya daga ɗaya yana da amfani wajen yaƙar ɗayan.

Misali na biyu rigima ce. Sunan Acacia ya samo asali daga kalmar da tsoffin Girkawa ke kiran bagaruwar Masar, kuma bagaruwa ce ma'aunin gidan. Da bincike ya nuna cewa gidan tarin zuriyoyi ne daban-daban, dole a raba shi, ƙa'ida ta ce sunan ya zauna tare da bagaruwa. Masanan Ostareliya, inda nau'o'i kusan 1,000 suke, suka nemi a mayar da ma'aunin kan wani itacen ƙasarsu, suna cewa hakan zai rage yawan sunayen da za a sauya. A babban taron masana tsirrai na duniya da aka yi a Vienna a 2005, fiye da rabin ƙuri'u sun ƙi amincewa, amma ƙa'idar da aka bi ta buƙaci kashi 60 cikin 100 kafin a ture shawarar kwamiti. Taron Melbourne na 2011 ya tabbatar da hukuncin. Bagaruwa ta koma Vachellia nilotica, dakwara mai ba da ƙaron da Sudan da Chadi da Najeriya ke fitarwa waje ta koma Senegalia senegal. Gawo tun 1934 aka cire shi aka sa masa Faidherbia, sunan wani gwamnan mulkin mallakar Faransa a Sanagal. Ƙwayoyin gado su suka nuna cewa rabuwa ta zama dole, amma wanda zai riƙe tsohon suna ƙuri'ar waɗanda suka samu halartar taro ce ta yanke.

A watan Afrilu na 2024 masana 279 ƙarƙashin jagorancin Kew suka wallafa sabuwar bishiyar asali a mujallar Nature, bisa ƙwayoyin gado 353 daga nau'o'i fiye da 9,500, waɗanda suka wakilci kusan gidaje 8,000. Da yawa daga samfuran busassun ganye ne, wasu an ajiye su tun ƙarni na 19. Binciken ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na manyan rassan da ke raye yau sun ɓullo ne cikin wani ɗan lokaci a farkon tarihin tsirrai masu fure, wato saurin da ya dami Darwin gaskiya ne. Kan ainihin lokacin da abin ya fara, masu bin burbushi, waɗanda tabbatacciyar shaidarsu ta kai shekara miliyan 130 da ɗoriya, suna ci gaba da jayayya da masu lissafi da ƙwayoyin gado, waɗanda ke kai shi baya da haka.

Manyan ma'adanan busassun tsirrai na Turai, irin na Faris da Edinburgh, sun kwashe kabad-kabad sun sake jera miliyoyin samfurori bisa sabon tsari. A Afirka ta Yamma kuwa, babban littafin da ya tattara tsirran yankin gaba ɗaya har yanzu shi ne na Hutchinson da Dalziel, wanda aka kammala sabunta shi a 1972. Ɗalibin da ya buɗe shi a Zariya ko Yamai zai iske kuka a Bombacaceae, goro a Sterculiaceae, lalo a Tiliaceae, bagaruwa kuma a Acacia, sannan ya shiga intanet ya tarar da wasu sunayen. Bayanin siffofin da ke ciki yana nan da ingancinsa, haka ma sunayen Hausa da Dalziel ya tattaro daga bakin manoma da makiyaya da masu magani. Abin da ya tsufa shi ne jerin dangogin, kuma sabunta shi aiki ne da ke jiran masanan yankin.